Ruwan Kifi da Turaren Baba Adamu

Ranar Juma'ar da ta wuce na ji ku a ƙofar gida, kai Anas da abokanka, kuna jera sana'o'in da ba sa buƙatar ƙwaƙwalwa, kuma wankin mota kuka sa a farko. Da Larabci kuka faɗa, wai don kada in gane. To, na riga ku shan ruwan Madina, kuma da wankin motar nan aka saya maka takalmin da ke ƙafarka. Ku gyara zama. Tunda kun ce ruwa ne da sabulu kawai, bari in ba ku labarin ruwa da sabulun.

Motar farko da na taɓa wankewa a ƙasar nan baƙa ce wulik, a wani wurin wanki da ke bayan shagunan titin Sultana. Ina sabon zuwa daga Gumel, ƙarfi ya yi mini yawa. Maigidana a wurin wani Bahaushen Chadi ne, Ɗahir, mutum mai ƙarancin magana. Da tsakar rana aka kawo motar, na shafe ta da kumfa tun daga sama har ƙasa, na koma gefe ina jin daɗin kaina. Kafin in jawo tiyo kumfar ta bushe. Da na ɗauraye, sai ga motar mutane ta fito da ɗigo-ɗigon fari kamar zabuwa. Ɗahir bai yi faɗa ba. Hannuna ya kama ya ɗora a kan murfin injin, na fizge da sauri. Ya ce, “Inda hannunka bai iya zama ba, kar ka sa sabulu.” Sai da muka tura ta inuwa ta huce, muka sake wankin daga farko, mai motar yana tsaye yana kallon agogo.

A hannun Ɗahir na koyi abubuwan da ido ba ya gani. Ruwan garin nan yana da gishiri-gishiri, in ka bar shi ya bushe da kansa zai bar maka tabo, dole ka bi shi da fatar goge tun yana ɗanye. Tsumman gilashi daban, na jiki daban, na taya daban, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa ya gama aikinsa na ranar, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana fenti. Kwalta ba ta jin sabulu, sai ɗan dizal a bakin tsumma. Mai mota kuwa kowane da halinsa. Wani in ka gama zai zagaya ta da ɗan yatsa yana neman ƙura, wani ba zai ko kalle ta ba, amma in ka matsa masa kujera ko kaɗan, har abada ba zai dawo ba.

Daga nan na samu shiga kamfanin da ke da kwangilar wanke motocin kwashe shara na cikin birni. A can na san cewa wankin da na yi a Sultana wasan yara ne. Motar shara tana dawowa da asuba, cikinta cike da ruwan da injin ya matse daga sharar unguwa guda, ga shinkafa, ga ƙwallon dabino, ga abin da ba a faɗa ana cin abinci. Dole ka same ta da bindigar ruwa kafin rana ta fito ta gasa shi a jikin ƙarfe, in ka makara sai ka kankare shi da ƙarfe. Mafi sharri a cikinsu ita ce mai zuwa daga kasuwar kifi. Wannan, ko takalmin roba ka sa har gwiwa, sai uwarka ta gane ranar da ka wanke ta tun kana bakin ƙofa. Na daɗe a wurin har aka mai da ni ra'is, wato shugaban masu wanki. Sunan da aka sa mini shi ne Garba Mai-Bindiga, kuma ban ƙi shi ba.

A lokacin wurin wanki uku ne a ƙarƙashin kwangila uku. Akwai namu na birni. Akwai na ƙauyukan kewaye, can bayan gonakin dabino, inda ake wanke tankokin ruwan sha da ƙananan motocin hukumar can. Sannan akwai na masu sintiri, ’yan sanda da masu duba kasuwa, waɗanda ke kai motocinsu wani wuri daban. Sai aka wayi gari na sama suka duba suka ga ana biyan haya sau uku, ruwa sau uku, mai gadi sau uku, alhali duk mota ce da tiyo. Aka ce a haɗe su a fili ɗaya a rage kashe kuɗi. Kamfaninmu ya ci kwangilar. Ni dai ban ga laifin shawarar ba, har sai da mudir ɗinmu, wato manaja, Abu Faisal, ya kira ni ya ce, “Ya Garba, fili ɗaya ba ya ɗaukar ra'is biyu. Kai da na ƙauye, zan duba aikinku zuwa ƙarshen shekara. Ɗaya zai zauna.”

Ku da aka haifa a nan kun san abin da wannan maganar ke nufi. Iƙamar mutum, wato takardar izinin zamansa, a jikin aikinsa take. Wanda aka sallama, jirgi ke jiransa.

Ranar da mutanen ƙauye suka iso na fara ganin Baba Adamu. Dogo ne siriri, ya ba ni shekaru da yawa, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa suka tsaya a can. Ya sauko daga mota da bokiti biyu, da wani abin kaɗe ƙura na gashin jimina, da ƙaramin kasko na turaren wuta a ɗaure cikin tsumma. Na dubi kayan aikinsa, na dubi injina mai ƙugi, na ce a raina an gama. Shi kuma ya tsaya yana kallon yadda ruwa ke malala a ƙasa daga bindigata, ya riƙe baki.

Ya ce, “Ya zol, wannan duk wanki ne ko ban-ruwan gona?” Haka ’yan Sudan ke kiran mutum, ya zol.

Na ce, “Baba, nan birni ne. Ba da cokali muke wanki ba.”

Ya ce, “Kwayyis, ya yi kyau. Za mu gani.”

Na fara kallon aikinsa da niyyar in sami abin dariya, sai ban samu sosai ba. A inda ya fito da tanki ake kai musu ruwa, don haka ya saba da auna shi. Ba ya taɓa zuba ruwa a kan mota mai ƙura. Sai ya kaɗe ta tsaf da gashin jiminar nan, domin ƙurar duwatsun bayan gari baƙa ce mai kaifi, in ta jiƙa ta zama samfefa a ƙarƙashin soso. Sannan ya ɗauki bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya, ya bi motar gefe-gefe, yana wankewa yana gogewa. In ya gama, ƙasan da ya tsaya da kyar za ka ga jiƙa. Abu na ƙarshe, ya sa garwashi a kasko, ya barbaɗa turaren da matarsa ke haɗawa, ya ajiye a cikin motar ya rufe ƙofa na ɗan lokaci. Ya ce a can direbobi sun saba, in bai yi ba sai su ce ba a gama ba.

Rigimarmu ta farko a kan wace mota za a fara ce. Ni na ce motocin shara, kafin rana. Shi ya ce tankin ruwan sha, da bismilla, kafin hannun kowa ya taɓa ƙazanta. Kowannenmu da gaskiyarsa, kuma ba wanda ya sauka. Muka raba filin biyu ba tare da an ja layi ba, har shayi kowane ɓangare da butarsa. Nasu ja ne mai na'ana, namu da madara, kowa yana cewa na ɗayan ba shayi ba ne.

Abin da ya rage a tsakiya shi ne motocin sintiri, kuma su ne kowa ke so. Direban motar shara ba ya zuwa ofis ya yaba maka. Amma jami'i in ya ce ma sha Allah, maganar za ta kai kunnen Abu Faisal kafin la'asar. Sai muka shiga rige-rige a kansu. Baba Adamu ya riga ni, ya goge mota ya yi mata turare. Ni kuma in zo in ce ai ba ta ga ruwa ba, in sa a sake yi mata wanka da bindiga. Motocin nan sun sha wanki a wannan shekarar. An haɗe mu ne don a rage aiki, mu kuma muna yin kowace mota sau biyu.

A cikin tsarin rage kuɗin akwai wani rami da aka gina a ƙarshen fili. Ruwan wanki yana gangarawa cikinsa, a tace, a sake turo shi cikin bindiga. Tunani ne mai kyau, har yau muna amfani da shi. Sai dai matatar tana kama yashi da maiƙo, ba ta kama wari. Mu kuwa da muka yi shekaru a cikin motocin shara, hancinmu ya daɗe da yin ritaya. Da sanyin safiya mu wanke motar kasuwar kifi, ruwan ya sauka rami, da hantsi mu fesa shi a kan motocin sintiri, suna ƙyalli muna murna.

Wata safiya sai ga motar sintiri ta shigo fili a guje, ba lokacin wankinta ba. Jami'in da ya fito ana kiransa Abu Nayif, ƙato ne mai gashin baki, mutum ne mai fara'a amma ranar babu ita. Ya ce a kira masa ra'is. Muka fito mu biyu, kowa yana ture ɗan'uwansa da kafaɗa.

Ya ce, “Wanene a cikinku ke wanke motata?”

Muka haɗa baki, “Ni ne.”

Ya ce, “To ku faɗa mini abin da kuke sa mata. Duk inda na tsaya a Khalidiyya, kafin in fito daga masallaci kyanwoyin unguwa sun cika kanta. Jiya na iske su a kan murfin inji, a kan rufi, ɗaya tana lasar lamba. Yara sun taru suna ɗaukar hoto. Ina sintiri ne ko ina kiwon kyanwa?”

Muka dubi juna. Ya buɗe ƙofar motar ya ce, “Wannan na waje ke nan. Ku shinshina ciki.” Ƙamshin turaren Baba Adamu ya bugo mu. Ya ce, “Kakina duk ya kama. A ofis yanzu ba mai kirana da sunana, sai ango. Har mai gidanmu ya tambaye ni yaushe aka yi walima ba a gayyace shi ba.”

Yana cikin magana wata kyanwa ja ta fito daga ƙarƙashin tanki, ta yi miƙa, ta haye kan tayar motar ta zauna. Na ciji leɓe. Na saci kallon Baba Adamu, na ga gemunsa yana rawa. Allah ya taimake mu ba wanda ya fashe sai da motar ta fita.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da yamma Abu Faisal ya kira mu ofis. Ya ce masu sintiri sun ce in aka sake, za su janye motocinsu su koma inda suke da. In suka janye, kwangilar ta karye, kuma ba maganar ra'is ɗaya ba ce kuma, rabin ma'aikata ne za su tafi. Ya ce, “Ni ba na wanki. Ku kuka san ruwanku. Ku gyara, halas.”

Muka fito muka zauna a kan wata tsohuwar taya. A ranar na fara shan jan shayinsa, kuma ban mutu ba. A nan ne ya gaya mini abin da ban sani ba. Garinsu babu zaman lafiya, gidan da zai koma ma babu tabbas yana nan. Amma ya ce ba wannan ne ya fi damunsa ba. Ya ce, “Garba, kakana ya fito daga ƙasarku yana son ya zo nan, ya mutu a hanya. Ni na iso. Ba na son komai sai in cika a garin nan, a sa ni a makabartar Baƙi'a kusa da Manzon Allah.” Na ji nauyin maganar, domin na san ni ne a tsaye tsakaninsa da wannan burin, kuma ni ma ina da ku a makaranta.

Na ce, “To Baba, mu fara ceto kwangilar tukuna.”

A kan tayar nan muka tsara yadda ake aiki a filin har yau. Ruwa zai riƙa tafiya daga mai tsabta zuwa mai datti, ba ya komawa baya. Tankokin ruwan sha su ne farko, da sabon ruwa, kamar yadda yake so. Ruwan ɗaurayarsu, wanda kusan tsaf yake, da shi za a jiƙa motocin shara tun da asuba a jera su ƙarƙashin rumfa, don kada rana ta gasa su kafin layi ya zo kansu, ka ga tawa buƙatar ta biya. Motocin sintiri kuwa ba ruwansu da bindiga, sai gashin jimina da bokiti biyu. Ruwan rami na motocin shara ne kaɗai, kuma ta kasuwar kifi ita ce ƙarshe. Turare kuma muka ce a ajiye shi, tunda ya jawo magana. Baba Adamu ya naɗe kaskonsa a tsumma.

Ba ƙaramar wahala na sha ba kafin in iya aiki da bokiti. Hannun da ya saba da bindiga ba ya son jira. Baba Adamu yana tsaye a kaina yana cewa, “Shwayya shwayya, a hankali, ya zol, ba gobara kake kashewa ba.” Shi ma da na ba shi bindiga ya riƙe, sai da ta juya shi ya wanke mai gadi. Kyanwoyi suka watse, ruwan da muke kashewa ya ragu ƙwarai, butar shayi ta koma ɗaya.

Ƙarshen shekara ya zo, Abu Faisal ya kira ni ni kaɗai. Ya ce ni zan zauna, domin manyan motoci sun fi yawa kuma ni na san injin. Baba Adamu za a ba shi haƙƙinsa ya tafi. Na yi godiya da baki, amma wallahi ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Na roƙe shi ya bar Baba Adamu, ya ce ba a hannunsa take ba, kujera ɗaya ce a takardar kwangila.

Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa, sai ga Abu Nayif ya shigo. Na ce a raina kyanwoyi sun dawo. Ya zauna ya ce, “Ya Abu Faisal, ina turaren?” Ashe tun da aka daina, motocin suka koma warin da aka san su da shi, na gumi da taba da ragowar shawarma, mutum ya yini a ciki cikin zafin nan. Waɗanda suka fi kowa kiransa ango su suka fara ƙorafi. Har mai gidansu ya aiko a tambaya, ya ce in ana so su sabunta kwangila, a dawo da turaren, kuma a ware musu mutum ɗaya da zai riƙa kula da ƙananan motoci.

Abu Faisal ya juyo gare ni. “Garba, ka iya wannan turaren?”

Na ce, “Garwashi dai na iya hurawa. Haɗin kuwa a gidan Baba Adamu yake, hannun matarsa ne, ko shi ba ta gaya masa abin da take sawa ba.”

Ya yi murmushi, ya jawo waya. Haka Baba Adamu ya zama mai kula da ƙananan motoci. Ba ra'is ba ne, albashin ma bai kai na da ba, amma an sabunta masa iƙama. Da na kai masa labari yana durƙushe yana goge taya. Ya miƙe a hankali, ya tafi ya kwance kaskonsa, ya ce in miƙo masa ashana.

Mun yi shekaru masu daɗi bayan nan. Bai taɓa daina tsokanata a kan ɓarnar ruwa ba. Ya kan ce, “Garba, in na rigaye ka kai za ka yi mini wanka, amma don Allah ban da bindiga.” Ni kuma in ce sai na haɗa da ruwan rami. Da tsufa ya kama shi sosai aka bar shi a kan kujera a inuwa, shi ke ba da garwashi yana duba gilashi, ba kuma jami'in da zai fita bai tsaya sun gaisa ba.

Shekarun baya kaɗan ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, a nan unguwar Ƙurban, layi biyu daga inda muke zaune. Matarsa ta aiko ta ce ya bar wasiyya, kuma ba da wasa ya yi ta ba. Na shiga ɗakin wankan gawa tare da ma'aikacin wurin, shi yana nuna mini, ni ina yi. Akwai tiyo a rataye a bango, ma'aikacin ya miƙo mini. Na ce a'a, a ba ni bokiti da moɗa. Na fara da dama, gefe-gefe, shwayya shwayya, hawaye na zuba ban damu in share ba. Da muka fito da shi za a kai masallaci, na ga Abu Nayif a tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga, gashin bakinsa ya yi furfura, ya matso ya sa kafaɗa a makara. Bayan la'asar aka sa shi a Baƙi'a.

Kaskon yana nan a filin, matarsa ce har yanzu ke aiko da haɗin. Gobe Asabar, Anas, in ka ga dama ka tashi da asuba ka bi ni. Zan ba ka bokiti biyu da mota ɗaya, mu ga yadda ƙasan da ka tsaya zai kasance in ka gama.